Kunun Yayen Dikko

Ku zauna, ku ajiye wayoyin nan. Ɗazu ina ɗaure bakin buhu na ji wata a cikinku tana cewa wai me za a koya a garin kunun yara, ba gero ba ne da waken suya da gyaɗa a kai inji? Ban juyo ba, amma na gane muryar. Ba komai, ni ma da aka fara kiranmu haka na ce, kuma a lokacin na riga na yi shekarun da suka fi naki ina ƙone yatsu a bakin kasko. Sunana Ige. A wani ƙauye nake kusa da Sifawa ta ƙasar Boɗinga, kuma in kun bi gidajen yankin nan kuna tambayar wadda ke haɗa garin da ake ba yaro in ya fara ramewa, ƙofata za a nuna muku. In kun tsallaka ƙasar Shagari kuwa wata za a nuna muku, Tumba ta Dandin Mahe. Gara in faɗi sunanta da bakina tun yanzu, don na san za ku ji shi ko ban faɗa ba. Labarin da zan ba ku na jikana ne Dikko, wanda aka kawo mini yaye a muguwar shekara ya ƙi cin abin hannuna har ya kusa tafiya. Amma ba za ku gane labarin ba sai kun san aikin.

Suyar gyaɗa na fara koya, a wurin gwaggona, wadda ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tana kaiwa kasuwar Boɗinga. Kaskonta na ƙasa ne, baƙi wuluk, mai faɗin da yaro zai kwanta a ciki. Da kara take hura wuta, ba da itace ba, don wutar kara tana jin magana: in kin ja ta baya sai ta ja, itace kuwa in ya kama sai ya ga dama. Ranar da ta fara ba ni muciya ta ce in juya, na tsaya ina kallon gyaɗar ina jiran ta yi ja. Ta ɗaka mini duka a gadon baya ta ce, "Ke Ige, da ido aka suya? Saurara!" Na saurara. Ɗanyar gyaɗa in tana yawo a kasko ƙararta a dushe take, in ta fara nuna sai ƙarar ta yi kaifi kamar tsakuwa a kwano. Kafin ido ya ga ja, kunne ya riga ya ji, hanci ya biyo baya. Na daɗe a gindin murhun nan kafin ta yarda ta shiga ɗaki ta bar ni da kasko.

Da masu shirin ciyar da yara suka zo ta hannun mai gari suna neman mata, aka ce a ba da waɗanda suka san wuta kuma ake jin maganarsu. Aka tara mu a wata makarantar firamare, matan ƙauyukan Boɗinga da na Shagari, aka zaunar da mu a bencin yara gwiwoyinmu a haɓa. Wata malamar asibiti ta nuna mana igiyar awon damtse mai launi-launi: kore lafiya, ruwan ɗorawa a tashi tsaye, ja a ɗauki yaro sai asibiti. Ta nuna mana haɗin: gero ya fi yawa, waken suya ya bi masa, gyaɗa kaɗan, in da hali a sa busasshen kifi ko garin zogale. Da aka zo gwajin suya kowa ta sauke nata, malamar ta bi tana ɗanɗanawa. Ta zo kan nawa ta tsaya, ta ɗebo a tafin hannu ta zaga aji da shi tana cewa kowa ta shinshina. Ba zan ɓoye muku ba, ranar har na isa gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

A bencin baya akwai wata doguwa mai yawan dariya, wadda wakenta ya fito rabi ɗanye rabi baƙi. Na tambaya, aka ce mai kunun zaƙi ce a tashar Shagari, sunanta Tumba. Har tausayinta na ji. Na ce a raina wannan ko wata ba za ta yi ba za ta koma wa robobinta.

Buhun waken suya na farko da na haɗa shi ya nuna mini cewa gyaɗa 'yar sauƙi ce. Wake sai an tsince tsakuwa, an jiƙa, an tafasa shi sama-sama, an murje ɓawon a cikin ruwa har hannu ya yi yaushi, an shanya a tabarma an rufe da gidan sauro saboda kaji da ƙuda, sannan a soya a wuta mai sanyi. In kin gaggauta, gafinsa yana nan. Yaro ya sha cikinsa ya kumbura, uwar ta ce garin Ige ne ya sa masa zawo, kuma ba ke za ta gaya wa ba, a bakin rijiya za ta faɗa. Gyaɗa kuwa ɗaya-ɗaya ake bin ta a faifai. Duk wadda ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, waje. Babba zai tauna mai ɗaci ya tofar, yaro kuwa haɗiyewa yake, shi ya sa ba na barin kowa ya taya ni tsinta in yana hira.

Mai injin garinmu mun yi faɗa da shi ya fi a ƙirga. Ni nake fara zuwa da safe, don in an riga an niƙa barkono ko kayan yaji, garin ya tashi daga aiki. Ko ni ce ta farko sai na sa ya kwance bakin injin ya goge, na zuba tsabar gero zalla ta wuce ta wanke hanya, wannan rabon kaji ne. Yakan ce, "Inna Ige, ke ɗai kin hi mata goma wahala." In ce, "Niƙa dai, ba kai ka sha ba." A gida a tankaɗe da rariya mai laushi, a baza ya huce, don gari mai ɗumi in aka rufe shi gumi yake yi ya lalace. Sai ya yi sanyi ake zubawa a bokiti mai murfi.

Duk wannan wahalar hannu ce. Wahalar gaske tana cikin gidajen mutane. Akwai gidan da na kai gari saboda wata yarinya da damtsenta ya shiga ɗorawa, na koma na tarar bokiti ya yi rabi, yarinya tana nan yadda take. Ashe maigidan ne ya ɗanɗana ya ji daɗi, kullum da shi yake karyawa kafin ya tafi fadamar albasa. Shi kam ya yi kumatu. Amma babbar rigimata da kakanni ce. Kunun nan ana son shi da kauri, wanda in kin karkata cokali zai yi jinkiri kafin ya sauka, don cikin yaro ɗan kaɗan ne, abin da zai shiga dole ya zama abinci. Su kuwa tsofaffi sun saba da ɗura: a kwantar da yaro a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a tsiyaya. Mai kauri ba ya ɗuruwa. Sai su yi ta ƙara ruwa har kunu ya koma kamar ruwan wankin gero. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe mini cokali ta ce, "Ke Ige, wanga kunu na ko tuwo? Mu da munka yi goyo tun ba a haihe ki ba, yau ke za ki gwada muna?" Na ce, "Iya, kin cika mashi ciki da ruwa, ina abinci za shi zauna?" Shekara da shekaru wannan maganar nake yi gida-gida, kar a ƙara ruwa. Wasu su ji, wasu su jira in fita.

Duk bayan 'yan watanni ana tara mu, kowa ta faɗi yadda yaran unguwarta suke. A nan na fara jin abin da ban so ji ba. Yaran Tumba suna fita daga ɗorawa su koma kore da sauri, nawa suna jan ƙafa. Da farko na ce sa'a ce. Da abin ya maimaitu na ce ƙila igiyarta ce ta saki. Sai ranar nan malamar da ta zaga aji da garina ta ce mu tafa wa Tumba. Na tafa, amma da yatsu biyu.

Daga nan abin ya yi ta hawa. Aka ba ta manyan tukwane. Aka ɗauke ta a mota zuwa Sakkwato ta yi bayani a gaban manya. Wata rana ina tsintar gyaɗa rediyo na gefena, sai ga muryarta da dariyar nan tata, ana ce mata uwar yara. Na kashe rediyon, na kunna, na sake kashewa. Kyashi na ji, kyashi sosai, irin wanda ke hana abinci sauka. Na sa wata 'yar garinmu mai zuwa kasuwar Shagari ta sayo mini garin Tumba a ɓoye. Ta kawo leda, da wani ɗan ƙullin gari a ɗaure a samanta. Ƙullin na ɗauka gyara ce irin ta masu neman kasuwa, na watsa wa kaji. Na shinshina garin, na ɗanɗana, na dama: ƙauri-ƙauri, tankaɗen ma da tsaki a ciki. Ko wadda ta yi wata guda a hannuna ba za ta sauke irin wannan ba. To da me ta fi ni? An ce ta taɓa yin bayanin yadda take damu a taro. Ni ban ji ba. Ban san dalili ba, duk lokacin da Tumba ta miƙe za ta yi magana sai in tuna ban yi alwala ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi, abin da aka girbe bai kai ko'ina ba, albasar da mutane suka sa rai da ita ta ruɓe a ajiya. Waken suya ya yi tsadar da sai dai a gaishe shi a kasuwa a wuce. Na koma haɗawa da farin wake da riɗi, wani lokaci ƙuli-ƙuli nake dakawa a madadin gyaɗa. Maza suka tafi ci-rani tun kafin lokaci. Abincin leda da asibiti ke ba yaran da suka shiga ja ya zama yau akwai gobe babu. Igiyata ta ga ja a shekarar nan fiye da yadda ta taɓa gani, kuma akwai gidajen da na daina shiga don wanda nake zuwa dominsa ba ya nan.

A cikin wannan hali aka kawo mini Dikko. 'Yata Nana tana aure a Dandin Mahe, Dikko ɗanta ne na fari, bai daɗe da fara tafiya ba sai ga wani cikin. Kun san al'adarmu: mai ciki ba ta ci gaba da ba da nono, ranar da aka gane ranar za a cire yaro a kai shi gidan kaka ya manta. Mu a shiri muna ta faɗa cewa ba dole ba ne, amma surukai sun riga sun yanke. Ƙanwar ubansa ce ta goyo shi ta kawo, da 'yan rigunansa a leda da ɗan goro. Ta sauke shi, ta sha ruwa, ta juya. Ban damu ba. Na ce a raina, duk ƙasar nan wane yaro ne ya dace da gidan yaye kamar wannan? Har na ɗaga masa gira na ce, "Maigida, ka zo gidan abinci."

Na buɗe sabon haɗi, mafi kyawun da na yi a shekarar, da ɗan waken suyan da na ɓoye. Na dama da kauri yadda ya kamata. Ya karɓi cokali ɗaya, ya juya shi a baki, ya turo shi waje da harshe. Na ce kewar uwa ce, kowane ɗan yaye yana yi. Washegari ma haka. Na sa dabino, na sa madara, na yi masa rawa ni da girmana. In ya ga kofi sai ya miƙo hannu, in ya ga cokali ya kau da kai. Sai na gwada abin da nake hana mata: na ƙara ruwa na zuba a kofi. Ya kama da hannu biyu ya shanye. To ga inda na tsaya, mai kauri ba ya sha, wanda yake sha kuma ba komai a cikinsa. Zawo ya biyo baya. Fatar cinyarsa ta fara tattarewa, ya daina kukan ma, sai ya zauna inda aka ajiye shi yana kallon ƙofa. Ranar da na zagaya igiya a damtsensa, ta tsaya a ɗorawa, ja na leƙowa. Na kai shi asibiti, suka ba da maganin zawo, suka ce a dage da abinci. Wa ake gaya wa a dage da abinci? Ni?

Na kira Nana a waya. Ku da kuke ganin kunyar ɗan fari tsohon yayi ce, ku saurara. Yarinyar nan ta san ɗanta ba lafiya, daga numfashinta na gane, amma ba za ta iya buɗe baki ta tambaye ni shi ba, balle ta kama sunansa. Muka gaisa, ta tambayi awaki, ta tambayi ciwon ƙafata.

Na ce, "Nana, bar awaki. Yaron ga mi shika ci wurinku?"

Ta fara kame-kame.

"Da ke nika magana."

Ta ce, "Inna, ni ban sani ba."

Na ce, "Ɗorawa shika, ja na bisa hanya. Aje kunya ki gaya mani."

Na ji ta ja hanci. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Wurin Tumba shika sha. Garin da kinka aiko muna, shi nika kai mata, ita ka damawa. Na ji nauyin ki sani."

Wato har 'yar cikina. Garina ne, suyata ce, a hannuna yaro ya tofar, a hannun Tumba ya shanye. Na ajiye wayar na zauna a bakin murhu. In na ce muku ban yi tunanin ƙin zuwa ba, na yi ƙarya. Sai Dikko ya yi wani ɗan tari a kan tabarma. Na ɗauko majanyi na goya shi, na ɗebi garina a leda, na hau kabu-kabu zuwa bakin titi, na shiga motar Shagari. Da na sauka a Dandin Mahe ta bayan gari na bi, don kar mu wuce ƙofar su Nana yaro ya ga uwarsa yaye ya warware.

Gidan Tumba ko katanga babu, darni ne. Yara kamar an zubo su, iyaye mata a tabarmi, kofuna a kife a kan tire. Na ga tukwanen nan da aka ba ta a jere, na ɗauke kai. Ta fito tana goge hannu a zane.

"Lale, lale! Ige, ke ta yau gidanmu? Marhabin." Sai ta leƙa bayana, dariyar ta ɗauke. "Dikko na? Subhanallahi. Sauko mani da shi."

Yaron da ya daina miƙa wa kowa hannu, yana jin muryarta ya fara zillo a bayana.

Ba ta tambaye ni komai ba, da ta tambaya ma da ya fi mini sauƙi. Ta karɓi ledar garina ta shinshina ta ce, "Wagga suya sai ke." Na ce, "Dama dai mu gani." Ta dama shi da kauri, ya ma fi nawa, har muciya na tsayawa a ciki. Na ce a raina, yau za ki ga yadda ake turo kunu da harshe. Ta sauke, ta bar shi ya sha iska har yatsa zai iya shiga. Sai ta jawo wani ɗan gwangwani, ta ɗebo gari da bakin yatsu, ta barbaɗa, ta juya, ta rufe. Muka ɗan jira. Da ta buɗe ta ɗaga ludayi, kunun da ya tsaya kamar tuwo ya tsiyayo kamar madara. Ko ɗigon ruwa ba ta ƙara ba, idona a kan hannunta yake. Ta mayar da shi kan wuta ya ɗan tafasa, ta fifita, ta zuba a kofi.

Na ce, "Mi kinka sa?"

Ta ce, "Tsiro na. Gero na aka jiƙawa, a ruhe shi cikin jiƙaƙƙen buhu har shi tsira, a shanya shi ƙayau, a niƙe. Mu masu kunun zaƙi da irin shi muka sassauta kunu tun kakanni. Abincin na nan duka, kaurin ɗai ka tahiya. Ai duk wadda tas sayi gari wurina sai na ɗaura mata ƙulli guda bisa. Har wadda kinka aiko na ɗaura ma."

Wato ta san ni na aika. Na ce, "Kaji sun gode."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, matan da ke tabarma suka taya ta ba tare da sun san dalili ba.

Dikko ya shanye kofin ya miƙa a ƙara. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, ina hamdala, kuma a daidai lokacin wani abu yana cin raina. Duka biyun gaskiya ne. Shekaruna nawa ina faɗa da tsofaffi a kan ruwa, ashe maganin yana cikin gwangwanin mai kunun tasha.

Na kwana biyu a gidanta na koyi tsiro: yadda ake yayyafa ruwa safe da yamma, yadda ake gane ya isa in ya fito da farin wutsiya, yadda ake zubar da shi ba tausayi in ya yi wari ko fumfuna. Ba wuya, kafin in bar gidan, tsirona ya fi nata tsabta. Na dama da hannuna daidai yadda take yi, na zuba a kofinsa na miƙa. Ya dubi kofin, ya dube ni, ya karɓa ya taka ya kai wa Tumba ta riƙe masa. Muka gwada da safe, muka gwada da yamma. In tana tsakar gida ya sha a hannunta cikin sauran yara. In ta ɓuya a ɗaki ya datse baki yana waige-waige. Ni a wurinsa matar cokali ce, wadda aka kai shi gidanta uwarsa ta ɓace.

Tumba ta ce, "Tahi da shi da gwangwanin ga. Ƙila in kun isa gida shi saba."

Ƙila. Na zagaya igiya a damtsensa, tana ɗorawa har yanzu, ta dai ɗan ja baya daga ja. Yaron da ke ɗorawa ba a yin ƙila da shi, ni na sha gaya wa mata haka. Kun kuma san abin da yaye yake a wurinmu. Wadda ta yaye yaro ta zama tasa ke nan. Da sunanta ake kiransa, ɗan yayen wance, gidanta ne wurin gudunsa in an dake shi. Tun ranar da aka haifi Dikko nake jiran wannan, har ƙaramar tabarma na saya masa.

Na kwance majanyin daga ƙuguna, na ninke, na ajiye mata a cinya. Na ce, "Garin ni ka aiko shi. Kar ki ba shi naki, ƙauri garai."

Ta ce, "Na ji." Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Na fita Dikko yana wasa da murfin kwano, bai ko ɗago ba.

Da na sauka a garinmu matan da ke bakin rijiya suka dubi bayana. Wata ta ce, "Ige, ina ɗan yaye?" Na ce yana inda yake cin abinci, na wuce. Kafin magariba labari ya gama gari, mai garin yara ta kasa yaye jikanta. Wasu har gida suka biyo ni wai sun zo yi mini sannu da hanya, suna leƙen ɗaki.

Duk ranar kasuwa sai na aika gari, ban taɓa fashi ba, kuma ban taɓa yin suya mai kyau irin ta watannin nan ba. Tsiro kuma na shigar da shi aikina. Tsofaffin yankinmu suka samu kunun da ke tsiyaya ba tare da ƙarin ruwa ba, na lallaɓe su suka bar tafin hannu suka koma kofi, yarana suka fara komawa kore da sauri kamar na kowa. Shi ya sa gobe in kun zo da jiƙon gero za mu fara, ba da kasko ba. In an tambaye ku inda kuka koya, ku ce wurin Ige.

Dikko ya tashi. Yanzu yana makaranta, ya fi sa'o'insa tsawo. Da sallar da ta wuce ubansa ya kawo shi ya gaishe ni. Ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa, ya ce, "Ina wuni, Kaka?" Ya zauna a gefen tabarma hannuwa a kan cinya. Na zuba masa tuwo da nama, ya ɗan taɓa ya ce ya ƙoshi, an gode. Yaro mai ladabi, duk wanda ke wurin ya yaba.

Bayan sallar na je Dandin Mahe duba Nana, na biya ta gidan Tumba mu gaisa. Muna zaune a inuwa sai ga shi ya faɗo gidan a guje ba ko sallama, ya jefar da jakar makaranta, ya wuce mu ya shiga madafa. Na ji yana buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya yana ƙwala wa Tumba kira, "Inna, yunwa nika ji! Mi kinka aje mani?"

Ya fito da murfi a hannu, baki cike, yana mita wai miyar ta huce. Sai ya gan ni. Ya ajiye murfin a hankali, ya goge hannu a riga, ya durƙusa ya gaishe ni.